Hutun mako guda a gida, ni kaɗai da 'yata mai shekara biyu: ta ina zan fara?

Tambaya: Wani magidanci ya rubuto cewa an ba shi hutun mako guda a wajen aiki. Matarsa za ta ci gaba da fita nata aikin, mai renon da ke kula da 'yarsu kuma za ta yi tafiya, don haka daga safe har yamma shi kaɗai zai zauna da yarinyar, mai shekara biyu da wata huɗu. Bai taɓa yini da ita shi kaɗai ba. Yana so a cikin makon ya raba ta da kunzugu, ya yaye ta daga kallon waya, ya gyara mata cin abinci, ya kuma riƙa fita da ita kullum don ta ji daɗi. Abin da ke damunsa shi ne, in dai uwarta na nan ba ta yarda da shi, kuma da an hana ta abu sai ta zube ƙasa ta hau birgima.

Amsa: Malam, Allah ya raya mana ita. Abin da zan fara da shi ba lallai ya yi maka daɗi ba: ayyukan da ka jero sun yi wa mako guda yawa, sun kuma fi ƙarfin 'yar shekara biyu. Duba canjin da ya riga ya same ta tun ba ka taɓa komai ba. Mai renonta ba ta nan, uwarta ta fita, wanda ta saba gani da dare shi ne a kanta yini guda. A wajenta wannan kaɗai babban al'amari ne. In ka ɗora mata cire kunzugu da sabuwar dokar abinci da yawon kullum, kafin Laraba za ka sami yarinyar da ba ta barci, ba ta ci, kai kuma kana Allah-Allah hutun ya ƙare. Shawarata ita ce ka bar mata tsarin yininta yadda ta saba, abin da zai zama sabo a makon ya kasance kai ne kawai.

Tun kafin hutun ya fara, ka zauna da uwar da mai renon ka tambaye su dalla-dalla, ka rubuta. Ƙarfe nawa take tashi, yaushe take ci, yaushe take barcin rana, yaya ake kwantar da ita, wane zane ko 'yar tsana take riƙewa, me take nufi in ta faɗi kaza, domin gwarancin yaro sai wanda ya saba da shi. Kada girman kai ya hana ka wannan tambayar. Yaro a wannan shekarun bai san agogo ba, jerin abubuwa ya sani: bayan wanka sai sa kaya, bayan abincin rana sai kwanciya. Da wannan jerin yake gane abin da ke tafe, kuma yaron da ya san abin da ke tafe ba ya yawan rigima.

Cikin duk abin da za ka rubuta, barci ne kan gaba. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kowace awa 24, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yawancin yara kan koma barcin rana sau ɗaya kafin su kai shekara ɗaya da rabi ko kusa da haka, su ci gaba da shi har shekara uku ko fiye. To 'yarka tana tsakiyar wannan zangon, kuma barcin rananta ba abin da za a ɗaga ba ne saboda an fita. Kuskuren da iyaye maza suka fi yi a nan shi ne jira sai yarinya ta nuna ta gaji. Babba in ya gaji lafawa yake yi, yaro kuwa in gajiya ta wuce masa kima sai ya ƙara zafi, ya yi ta guje-guje da dariya ba dalili, daga nan sai kuka. Kai kana ganin ba ta jin barci, alhali lokacin ya riga ya wuce. Ka kwantar da ita a lokacin da ta saba ko da idonta biyu. In kuma barcin ya kai ta har kusa da faɗuwar rana, ka sani da dare za ku biya, kai da uwarta.

Batun ƙin yarda da kai, kada ka sa shi a ranka. Masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth, wadda ta yi nazarin uwaye da jarirai a Uganda a shekarun 1950, daga baya ta ci gaba a birnin Baltimore na Amurka, ta nuna cewa ƙaramin yaro yana ɗaukar wanda ya fi yi masa ɗawainiya a matsayin mafaka: daga gare shi yake fita wasa, gare shi yake komawa in ya tsorata ko ya gaji. Yaro yana iya samun irin wannan mafaka fiye da ɗaya, sai dai yana jera su, kuma in ta farko tana kusa ba ya kallon ta biyu. Ba ƙiyayya ba ce, sabo ne. Sabon kuma ba da kayan wasa ake sayensa ba, da ɗawainiya ake samunsa: wanda ya share hawaye, ya canza kunzugu, ya ba da ruwa, ya ɗauka in an faɗi. Wannan makon zai ba ka damar yin waɗannan sau da yawa a jere, kuma a ganina wannan ce babbar ribar hutun, ta fi duk abin da ka lissafa.

Abu biyu za su faru da ya kamata ka shirya musu. Da safe in uwar za ta fita, yarinyar za ta yi kuka. Kada uwar ta sulale a ɓoye. Ta yi mata sallama gajeriya, ta ce za ta dawo bayan an tashi daga barci an ci abinci, ta tafi ba tare da dawowa lallashi sau uku ba. Sulalewa tana rage kukan yau, amma tana koya wa yaro cewa mutum yana iya ɓacewa ba sanarwa, sai gobe ya maƙale mata tun asuba. Kai kuma ka ɗauke ta, ka bar ta ta yi kukanta a kafaɗarka, galibi ba ya jimawa. Na biyun shi ne da yamma: yarinyar da kuka yini lafiya, uwarta na shigowa sai ta fashe da kuka ta ture ka. Uwar za ta dube ka da alamar tambaya. Ba wani abu ka yi ba. Yara kan tara gajiyar yini su sauke ta a kan wanda suka fi sakewa da shi. Gara ku san da wannan tun yanzu, kada ya zama abin cacar baki.

Sai yadda za a cika yinin, wanda shi ne ke tsorata yawancin iyaye. Ba ka bukatar shiri na musamman. Wancan bayanin na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce yaro mai irin shekarunta ya samu motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe, kuma kada a ɗaure shi wuri ɗaya, a kujerar mota ko keken turawa ko makamancinsu, fiye da awa guda a jere. Awa uku kamar da yawa, amma tafiya, hawa da sauka, bin ƙwallo, rawa, ɗaukar abu daga nan zuwa can, duk suna ciki. Fita ɗaya da safe, wuri kusa, inda za ta taka da ƙafarta, ta isa. Ka bi saurinta. Tafiyar da za ka yi a minti biyar ita za ta yi ta a rabin awa, domin sai ta tsuguna ta duba tururuwa, ta tsinci dutse, ta koma baya. Wannan tsaye-tsayen shi ne fitar a wajenta. Manyan wurare masu nisa da cunkoso sun fi burge babba. Mafi yawan mutane ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku, don haka kada ka wahalar da ku biyu don ka bar mata abin tunawa.

A cikin gida, aikinka na yau da kullum shi ne wasanta. Ba ta tsumma ta goge, ta miƙo maka kaya in kana shanya, ta zuba safa a kwando, ta juye, ta sake zubawa. Aikin zai ninka lokaci, ba zai kuma yi kyau ba, amma hutu kake yi, ina za ka? Kayan wasa kuwa ka rage su. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Toledo ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya gwada yara 'yan wata 18 zuwa 30 da kayan wasa huɗu, sannan da goma sha shida. Da huɗun sun fi daɗewa a kan kowane abu, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Ka ɓoye mafi yawa, ka riƙa musanyawa. Kuma ka yi haƙuri da maimaici. Littafi ɗaya sau goma, waƙa ɗaya har ta gundure ka. Da maimaici take koyo, kuma tana jin daɗin sanin abin da zai biyo baya.

Akwai wata 'yar dabara da nake ba kusan kowane uba. Ta fito ne daga tsarin da Sheila Eyberg ta ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1970 don iyayen yara masu taurin kai, inda ake sa iyaye su ware minti biyar kullum yaro ya ja ragamar wasa. Ka zauna a ƙasa daidai tsayinta. Kada ka ba da umarni, kada ka gyara mata, kada ka yi mata tambaya. Ka faɗi abin da take yi kawai: "Kin ɗora ja a kan shuɗi." In ta yi magana ka maimaita ka ƙara kalma ɗaya, ta ce "mota", ka ce "mota babba". In ta yi abin kirki ka ambace shi da sunansa: "Kin ajiye shi a hankali." Da jin sa abu ne mai sauƙi, sai ka gwada za ka ga bakinka ya cika da "mene ne wannan?" da "wane launi ne?" Mu manya mun saba mai da hira da yaro jarrabawa. Abin da ke gina harshen yaro shi ne karɓa-karɓar magana, ta faɗa ka amsa, ka dakata ta sake faɗa. Wannan dakatawar ita ce da wuya, domin tana bukatar daƙiƙu kafin ta haɗa abin da za ta ce.

Birgimar da ka ambata za ta zo, wataƙila kullum. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaba, wanda ke danne fushi da jinkirta buƙata, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. 'Yar shekara biyu tana da so mai ƙarfi, kalmomi kaɗan, birki kuwa kusan babu. Michael Potegal da abokan aikinsa sun yi nazarin irin wannan bori a yara 'yan wata 18 zuwa 60, suka wallafa a 2003, kuma sun samu cewa mafi yawan yara 'yan shekara biyu suna yi, sannan galibi mintoci kaɗan ne, ko da yake ga wanda ke tsaye a kai kamar awa ne. Sun kuma lura cewa fushi ne ke fara tashi da sauri ya sauka, sai baƙin ciki da neman lallashi su rage. Wannan ya nuna maka abin yi. Lokacin da take ihu tana shure-shure, bayani ba ya shiga, tambaya ma ƙara hura wutar take yi. Ka kawar da abin da zai ji mata ciwo, ka zauna kusa, ka rage magana. In ihun ya koma kuka mai taushi, ta fara waiwayenka, to lokacin runguma ya yi. Abin da ka hana kuma ya zauna a hane. In ka ce a'a, ta yi birgima minti biyar, ka miƙa mata, ka koya mata farashin abin ke nan, gobe za ta biya. Saboda haka ka rage yawan a'a ɗinka, ka ajiye ta ga abin da za ka iya tsayawa a kai.

Rigakafin ya fi sauƙi. Yawancin bori yana biyo bayan yunwa, gajiya, ko katse mata abu ba zato. Ka riƙa sanar da ita: "Saura zuba ɗaya mu tashi." Ka ba ta zaɓi tsakanin abu biyu da duk ka yarda da su, wannan riga ko waccan, maimakon ka tambaye ta ko za ta sa riga, domin amsar wannan ka san ta. Wasu yaran in kuka ya yi tsanani sukan ɗauke numfashi har leɓe ya canza launi, wani lokaci su sume na ɗan daƙiƙu. Yana da ban tsoro, galibi ba ya cutarwa, amma in ya faru ka kwantar da ita a gefenta, ka kuma kai ta likita ya duba, don wani lokaci yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Kai ma ranka zai ɓaci, wannan ba makawa. In ka ji hannunka na ƙaiƙayi, ka ajiye ta wuri amintacce ka koma gefe ka yi numfashi. Duka ko jijjiga ba ya koya wa mai wannan shekarun komai sai tsoronka, kai kuwa kusanci ka zo nema.

Cikin burikanka huɗu, na waya shi ne nake ganin zai yiwu a makon nan, tunda kai ne a gida kuma kana da lokacin ba ta madadinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa guda a yini, in ya gaza haka ya fi. Bincike ya sha nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara uku ba sa koyo daga allo kamar yadda suke koyo daga mutum a gabansu. Ba sai ka hana gaba ɗaya ba. Ka tsayar da lokaci ɗaya sananne, misali sa'ad da kake haɗa abincin rana, ka raba shi da lokacin cin abinci da kuma awar da ke gaban barci. Kwana biyu na farko za ta yi rigima, daga nan ta saba. Amma ka yi shawara da uwar da mai renon, in ba haka ba ranar da ka koma aiki dokar ta tafi tare da kai. Wayarka ma tana cikin lissafi. In kana amsa saƙon ofis kowane minti goma, jikinka ne kawai ya ɗauki hutu, kuma yara suna ƙara ƙiriniya daidai lokacin da suka ga idon babba ya koma kan allo. Ka ajiye saƙonnin sai ta yi barci.

Abinci kuwa, ka saki ranka. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa kusan sau uku a shekarar farko, daga nan girma ya lafa, cin ma ya ragu, kuma ƙyamar sabon abinci tana ƙaruwa daga wajen shekara biyu. Ƙa'idar da masaniyar abinci Ellyn Satter ta shahara da ita ta wadatar: babba ne ke zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro ne ke zaɓar ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Ka ajiye mata kaɗan, ku ci tare, in ta ƙi ka ɗauke ba faɗa ba bi da cokali. Sabon abu yana iya bukatar a gabatar da shi sau goma ko fiye kafin ta karɓa. Ka auna cinta da mako, kada ka auna da yini. Ta ci a zaune kana kallo, abu mai tauri ko mai zagaye kuma a yanka shi ƙanana saboda shaƙewa.

Kunzugu ya danganta da ita, ba da ranakun hutunka ba. Tun 1962 likitan yara T. Berry Brazelton ya kawo hujjar cewa a jira alamun shiri daga yaro. Tana yin kamar awa biyu a bushe? Tana sanar da kai in ta yi, ko tana laɓewa in za ta yi kashi? Tana iya sauke wando, tana bin umarni mai sauƙi? In waɗannan sun bayyana, kuma mai renon za ta ɗora daga inda ka tsaya, kana iya farawa. In ba su bayyana ba, ka ajiye fo inda za ta gan shi, ta zauna in ta ga dama, shi ke nan. Matsi yakan sa yaro ya riƙe kashi, ya bushe, fitarsa ta yi zafi, ya ƙara riƙewa, sai a shafe watanni ana warware abin da aka ƙulla a kwana uku. Ni dai da mai renonta ba ta nan, da na jinkirta.

Kada in manta da tsaro, domin wanda bai saba yini da yaro ba bai san saurinsa ba. Yara 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa a duniya, kuma ruwan bokiti ko na baho ya isa, ba a kuma jin ƙara. Kada ka bar ta wajen wanka ko don ɗauko tawul. Ka juye ruwa da an gama. Magungunanka, jakar aikinka, kayan gyara, abin sha mai zafi a bakin tebur, duk ka ɗaga su sama. Ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, irin na agogo da makullin mota, in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. In ka yi zargin ta haɗiye, asibiti kai tsaye, kada a jira alama. Kada ka bar ta cikin mota ita kaɗai ko na minti ɗaya. In kuma ka ji gidan ya yi tsit tana farke, tashi ka duba.

Tunda za ka samu kallon da ba ka saba samu ba, ka lura da wasu abubuwa. A shekara biyu ana sa ran yaro yana haɗa kalma biyu, yana nuna abu da yatsa don ka gani, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana kwaikwayon abin da manya ke yi. In ba ta yin waɗannan, ko ta daina wani abin da ta iya a da, ku kai ta a duba ta, har da jinta, kada a tsaya ga "za ta yi in lokaci ya yi".

Kai kanka za ka gaji fiye da gajiyar ofis, wani lokaci ma abin ya gundure ka, musamman daga tashinta barcin rana zuwa dawowar uwarta. Hakan bai sa ka zama mugun uba ba. In ta kwanta, ka kwanta ko ka zauna ka huta, kada ka cika lokacin da aiki. Ka tanadi wasan ruwa ko 'yar fita ta biyu don wannan yammacin.

Kwana biyun ƙarshe ka sassauta komai, ka fara gaya mata da kalmominta cewa Baba zai koma aiki, mai renonta za ta dawo, Baba zai zo da yamma. Ranar komawa ka yi mata sallama kamar yadda uwarta ta riƙa yi. Tana iya yin kwanaki tana maƙale maka ko tana farkawa da dare, zai wuce. Ka zaɓi abu ɗaya daga makon wanda zai zama naka dindindin, wankan yamma ko minti biyar ɗin nan na wasa da zarar ka shigo, kafin ka taɓa waya. Sannan ka rubuta wa mai renon abin da ya canza: lokacin kallo, sabbin kalmomin da ta koya da ma'anarsu, da inda aka tsaya a batun fo.